Amsoshin Tambayoyinku: Fita Farauta da Kamun Kifi daga Kumasi

Tambaya daga wani mai karatu a Aboabo: Ni da abokaina muna so mu yi kwana biyu a ƙauye, mu ɗan yi farauta, mu kuma kama kifi. An yi mini tallan bindiga da araha. Shin in saya, kuma wace hanya za mu nufa?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ka saya. Bindiga a Ghana ba ta halatta a hannun mutum sai da lasin 'yan sanda, wanda ake sabuntawa kowace shekara, kuma wadda aka yi maka tayinta da araha babu takarda, tana iya kai ka gaban alƙali tun ba ka ga ko zomo ba, domin hanyoyinmu cike suke da shingayen bincike. Ko da ka mallake ta bisa ƙa'ida, lasin bindiga daban, lasin farauta daban, kuma na biyun sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ne yake bayar da shi.

Abu na gaba shi ne lokaci. Tun daga dokar 1971, an rufe farauta a faɗin ƙasar daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara, saboda a wannan tsakanin ne yawancin dabbobi suke da ciki ko suke shayarwa. Gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma sai da lasin. Akwai kuma waɗanda ba a taɓa su ko da wane wata ne, irin su giwa da ɗan kunya, haka nan uwar da take tafe da 'ya'yanta. Farautar dare da fitila haramun ce a doka, haka ma sa guba, haka ma cinna wa daji wuta don a koro nama, wanda shi ne yake cinye gonakin mutane duk lokacin hunturu. Ku kuma nisanci wuraren da aka killace don kare namun daji: Owabi da ke kusa da mu, Bomfobiri ta wajen Kumawu, Kogyae ta wajen Ejura, da Digya a bakin tafkin Volta.

Abin da na fi so ku yi shi ne ku nemi maharbin ƙauyen da yake da takardunsa, ku biya shi ya shiga da ku da sassafe. Shi ya san inda gonar wani ta ƙare, ya san inda makiyaya suke kiwo, ya kuma san ranar da mutanen garin ba sa shiga daji ko ruwa, domin garuruwan Asante da dama suna da irin wannan rana. Kafin komai ku je ku gai da mai gari, ku faɗi abin da ya kawo ku. Al'adarsu ita ce a kai kwalbar giya, amma Musulmi ya bayyana uzurinsa cikin ladabi, ya miƙa kuɗin gaisuwa a madadinta. Idan kuma naman za ku ci, ku tabbata an ambaci sunan Allah wajen harbi, wanda aka tarar da sauran rai a yanka shi.

Game da kamun kifi, kwana biyu ba su da yawa, saboda haka tafkin Bosomtwe ya fi muku sauƙi, tunda bai wuce kimanin kilomita 30 daga Kumasi ba. Masuntan wurin a kan gungumen katako suke zama su yi su bisa al'adarsu, kifin kuma yawanci ƙananan karfasa ne. Wanda yake son manyan tarwaɗa ko giwan ruwa sai ya kama hanyar Mampong, Ejura, Atebubu har Yeji da ke bakin tafkin Volta, amma tafiyar za ta ci masa mafi yawan yini guda.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Asawase: Maigidana zai tafi Yeji da ɗanmu mai shekara goma sha biyu. Me ya kamata in sa su saya?

Amsa: Hajiya, a fara da rigar kariya daga nutsewa, kowa da tasa daidai jikinsa, domin wadda ta yi wa yaro yawa tana zamewa idan ya faɗa ruwa. Tafkin Volta ya samu ne bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwan kuma suna nan a ƙarƙashi har yau, su ne suke fasa jirage. Kada su shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kada su yarda magariba ta same su a kan ruwa, idan kuma hadari ya haɗo su haƙura.

Yaron kada ya yi wanka ko iyo a bakin tafkin, saboda tsargiya tana shiga ne ta fata a ruwan da yake kwance. Idan bayan dawowarsu kika ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a faɗa musu inda ya je. A haɗa musu gidan sauro, da takalmin roba mai tsawo saboda maciji, da ruwan sha, da tocila.

Kayan kamun kifi kuwa ba sa bukatar kashe kuɗi mai yawa. Fatsa da ƙugiyoyi manya da ƙanana sun wadatar, tana kuma a can za su haƙa. Sandar kamun kifi ta zamani mai tsada ba ta da amfani ga tafiyar kwana biyu. Kuɗin gara a ba masuncin da zai zauna da yaron ya koya masa ɗaura ƙugiya. Idan kifi ya samu da yawa, a ba matan bakin ruwa su banda shi kafin a kamo hanya, domin ɗanye ba zai iso Kumasi lafiya ba sai da ƙanƙara.