Faifan Windows ya ɓata, ya za a gyara fayilolin da suka lalace?

Ɗan'uwa, ka ce Windows 10 ɗinka na ta cijewa, faifan da ake saka Windows da shi kuma ya ɓace maka. Kwantar da hankalinka, ba sai da faifai ba.

Buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar da ake rubuta umarni, a matsayin administrator (mai cikakken iko a kwamfutar), ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth. Wannan umarnin daga Windows Update, wato hanyar sabunta Windows ta intanet, yake ɗebo lafiyayyun fayiloli, don haka ka tanadi data. Yakan tsaya cak kamar ya mutu. Ƙyale shi, ni gajen haƙuri ya sa na taɓa katse shi, na koma farko. In ya gama, sai ka rubuta sfc /scannow, umarnin da ke gyara fayilolin da suka lalace, sannan ka sake kunna kwamfutar.

In ta ƙi, sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, da shi za ka zuba Windows a filashi mai 8GB, ya maye maka gurbin faifan. Amma kwashe kayanka daga filashin tukuna, don goge shi zai yi tas.