Ɗaga ƙarfe daga ƙasa: yana da amfani ga ɗan kokawa?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Shekaruna 19, nauyina kilo 72, ina kokawa a unguwarmu ta Garin Malam. Abokaina sun ce in riƙa ɗaga ƙarfe daga ƙasa, wanda ake kira dedlif, amma wani tsohon ɗan kokawa ya ce yana sandarar da jiki, yana kashe baya. Ƙarfenmu na siminti ne da muka zuba a gwangwani. Maganar wa zan bi? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ƙanena, ka ɗaga. Duk ranar da ka je filin kokawa na Langa-Langa a Damagaram, ka zuba ido lokacin da ɗan kokawa ya kama ƙugun abokin karawarsa zai cicciɓe shi. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa: ƙafa ta kafe, cinya da ɗuwawu su tura, gadon baya ya riƙe, hannu ya ƙi saki. Waɗannan gaɓoɓin su ne dedlif yake ginawa. Ga shi kokawar Takobi, babbar gasar kokawa ta ƙasar Nijar, ba a raba ta da nauyi, kai mai kilo 72 kana iya faɗawa hannun mai kilo 100.

Amma kada ka raina maganar dattijon nan, ya ga jiya. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne gwangwanin. Faifan ƙarfe na ainihi faɗinsa santimita 45 ne, shi ya sa sandar, mai kilo 20, take tsayawa wajen tsakiyar ƙwauri. Simintin gwangwani gajere ne, sandar tana kusa da idon sawu, dole ka duƙa har bayanka ya lanƙwashe kamar baka. A nan ake jin ciwo. Ni haka na yi wa kaina da buhun hatsi na kilo 100 ina saurayi: na sunkuya, na fizga, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Sati uku a zaune nake salla. Don Allah ka ɗora kowane gefe a kan bulo har sandar ta kai tsakiyar ƙwaurinka, ka kuma kai su wurin mai sikeli, don da wuya gwangwani biyu su zo daidai.

In ka tsaya, sandar ta kasance bisa tsakiyar ƙafarka. Tura ɗuwawu baya, kama sandar, ɗaga ƙirji, cika ciki da iska ka ɗaure shi kamar mai jiran naushi. Sai ka taka ƙasa da ƙarfi ka miƙe, sandar tana gogar ƙafarka. Ban da fizga. Wani ya tsaya a gefe, da ya ga bayanka ya fara goho ya ce ka ajiye.

Ka ɗaga sau biyar ka huta minti uku, ka maimaita har zagaye uku. Kwana ɗaya ko biyu a sati ya isa, kana ƙara kilo biyu zuwa biyar kawai idan na baya ya tashi sumul. Eddie Hall na Ingila ya ɗaga kilo 500 a 2016, amma wannan sana'arsa ce. Taka ita ce kaye. Sandarewar da dattijon yake faɗa tana samun wanda ya tare wurin ƙarfe ya bar fage, ya manta harɗiya da tsintar ƙafa. Saboda haka yawancin kwanakinka su tafi a rairayi, tare da abokan kokawa.

Idan karawa ta rage sati guda, ka bar mai nauyi jiki ya huta. In kuwa ka taɓa jin ciwo yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ajiye ƙarfen ka tafi likita a duba ka tun da wuri.