Kiran da Aka Katse Ba Kiran da Aka Warware Ba Ne

Tambaya: Ina kula da cibiyar amsa kiran abokan ciniki ta wani kamfani. Waɗanda suka sayar mana da manhajar da ke amsa kira da kanta sun ce tana kammala yawancin kira ba tare da an kai ga ma'aikaci ba. Wannan ya isa shaida cewa tana aiki? (Wata Hajiya daga Kano)

Amsa: Hajiya, bai isa ba, kuma duk cikin alƙaluman wannan sana'a babu wanda yake ɓata mini rai kamarsa. Manhaja tana lissafa duk kiran da ya ƙare kafin ya isa ga mutum a matsayin nasara, domin ba ta bambanta wanda buƙatarsa ta biya da wanda ya gaji da jin "danna ɗaya, danna biyu", ya ja tsaki ya kashe wayarsa. Ki sa su fitar miki da lambobin da suka sake kira a cikin mako guda, domin wanda aka share wa hawaye a kiran farko ba ya dawowa kan magana ɗaya.

Kada kuma matsakaicin lokacin jira ya ruɗe ki. Idan mutum tara suka jira daƙiƙa 10 kowannensu, na goma ya shafe minti 20, rahoto zai nuna kusan minti biyu, alhali babu wanda ya jira minti biyu a cikinsu, kuma na goman ne zai je Facebook ya yi muku tonon silili. Shi ya sa aka fi amfani da ma'aunin amsa kashi 80 cikin 100 na kira a cikin daƙiƙa 20, a haɗa da adadin waɗanda suka katse suna kan layi. Haka nan idan kika matsa wa ma'aikata su gajarta kira, za su koyi sallamar mutane ne kawai.

Abin da nake yi, kuma nake so ki ɗauka, shi ne in kira layin da kaina da safiyar Litinin, da ƙaramar waya mai maɓallai, daga cikin hayaniyar kasuwa, in yi magana da Turancin da Bahaushe yake yi. Manhajar da ke gane murya a ofis mai sanyi sau da yawa kurma ce a Kantin Kwari.

Tambaya: An yi mana alkawarin manhaja za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Yana da kyau? (Wani injiniya daga Zariya)

Amsa: Injiniya, ai lissafin naka ne: kusan awa tara ke nan na tsayawa a shekara. Ka tambaye su ko lokacin gyaran da suka tsara da kansu yana cikin lissafin.

Tambaya: Ma'aikata nawa ya kamata in ɗauka? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang ya warware wannan tun 1917. Ka nemi ma'aunin Erlang C a intanet, ka shigar da yawan kira a awa da matsakaicin tsawonsu, sannan ka ƙara mutane a kan abin da ya ba ka saboda hutu da salla.