Amsa: hamingbad na Amurka ta Arewa da na tsaunukan Andis

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko hamingbad, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai shan zaƙin furanni, da ake nunawa a bidiyon Amurka shi ne na Kudancin Amurka, kuma wanne ya fi ban mamaki. Danginsu ya haura iri 300, dukkansu a nahiyar Amurka kaɗai. Wanda kake gani a kan furanni a gida sha-kauci ne, kama ce kawai, ba dangi ba. Zan yi maka bayanin biyun da na sani da idona.

A jihar Ohayo ta ƙasar Amurka nake zaune, kuma kusan iri ɗaya ne ke zuwa mana: mai jan maƙoshi, Archilochus colubris. Nauyinsa gram 3 ne ko ɗan sama da haka. Yana iso mana wajejen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kafin Oktoba ta ƙare ya ɓace. Ina rataye masa ruwan sukari a baranda, sukari awo ɗaya ruwa awo huɗu, ba zuma, ba kala. Idan namijin ya sauka, maƙoshinsa baƙi ƙirin za ka gani, sai ya ɗan juya kai rana ta haska shi, ya koma ja wur. Ga faɗan tsiya: namiji ɗaya sai ya mallake kwalbar, ya wuni yana korar duk wanda ya matso. Macen ita kaɗai ke ginin sheƙa da zaren gizo-gizo, ta sa ƙwai biyu kamar ƙwayar wake.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ƙaurarsa. In kaka ta gabato sai ya dage da ci har nauyinsa ya kusa ninkawa, sannan ya nufi Meziko da Amurka ta Tsakiya. Da yawansu suna tsallake Tekun Meziko kai tsaye, kimanin kilomita 800, ba reshen da za su sauka, tafiyar wajen awa 20. Matasan da aka ƙyanƙyashe a shekarar ma su kaɗai suke kama hanya, ba uwa ba uba.

Na biyun, mai bakin takobi, Ensifera ensifera, na gan shi a gandun Yanakoca da ke gefen dutsen Picinca, kusa da Kito a Ekwado, wurin da ya kai kusan mita 3,500 a sama, ga hazo ga sanyi mai shiga ƙashi. Ana samunsa daga Benezuwela har Bolibiya, kuma ba ya irin wannan doguwar ƙaura. Ya ninka mai jan maƙoshi nauyi sau uku ko fiye. Bakinsa ya kai santimita 10, ya fi gangar jikinsa tsawo in ka cire wutsiya. In ya zauna sai ya ɗaga bakin sama don ya rage wa wuyansa nauyi, kuma da ƙafa yake susa da gyaran gashi, tunda bakin ba ya kaiwa jiki. Amfanin bakin shi ne furanni masu dogon bututu irin Passiflora mixta, waɗanda sauran ba sa iya kaiwa ga zaƙinsu sai dai wasu tsuntsaye su huda gindin furen su sata. Shi kuma furen, da wannan tsuntsun ya dogara wajen barbara, don haka in aka sare dajin, su biyun ne ke shiga uku.

In hoto kake so ka nuna wa yara, mai bakin takobi ba shi da na biyu. Amma ni dai zaɓina mai jan maƙoshi ne, saboda tsallake tekun nan. In kana da ɗan'uwa a gabashin Amurka, ka ce ya rataya kwalba a farkon Mayu, ya riƙa canza ruwan duk bayan kwana biyu in ana zafi, don in ya yi tsami yana cutar da su.