Koci ke cin kofi ko 'yan wasa?

Tambaya: Malam, kullum gardama muke yi a gidan kallo. Wasu sun ce koci shi ne komai, wasu kuma sun ce muddin akwai gwanayen 'yan wasa, ko wa aka ɗora a benci zai ɗauko kofi. Wane ne ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, a ganina kuɗi da ingancin 'yan wasa su ke shata iyakar inda ƙungiya za ta iya kaiwa, koci kuma shi ke sa ta kai wannan iyaka ko ta tsaya a hanya. Babban aikinsa ba ihun da kuke gani a gefen fili ba ne, aikin yana wajen zaɓen wanda zai buga, da tsarin da zai dace da mutanen da ke hannunsa, da sa su amince da shi.

Dubi marigayi Stephen Keshi a gasar cin kofin Afirka ta 2013. Ya ajiye wasu fitattun sunaye, ya tafi Afirka ta Kudu da wasu 'yan wasan da ke bugawa a gida, ana ta sukarsa. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ne kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, Najeriya ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1994. Ƙafar Mba ce ta ci ƙwallon, amma ba don Keshi ya kafe a kansa ba, da a talabijin zai kalli gasar. Haka Xabi Alonso ya karɓi Bayer Leverkusen a Oktoban 2022 tana ta biyu daga ƙasan teburi, sai ga shi a kakar 2023/24 ta lashe Bundesliga ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Sai dai masu cewa 'yan wasa ne ke cin kofi ma suna da hujja. Claudio Ranieri ya ci Firimiya da Leicester a 2016, amma ƙungiyar ta riga ta farfaɗo a ƙarshen kakar da ta gabata a hannun Nigel Pearson, kuma da N'Golo Kanté ya koma Chelsea sai al'amura suka taɓarɓare, aka sallami Ranieri a Fabrairun 2017. Mutumin ɗaya ne, basirarsa ba ta gudu cikin wata tara ba.

Shi ya sa nake taka-tsantsan da yabon sabon koci. Yawanci ana korar mai horarwa ne lokacin da ƙungiya ta kai maƙurar rashin sa'a, saboda haka ko wa ya zo ana iya ganin sauƙi. Emerse Faé ya gaji Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasar Afirka a Janairun 2024, bayan Kwaddibuwa ta sha kashi 4-0 a hannun Equatorial Guinea, ya kuma doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe da 'yan wasan da Gasset ya zaɓa.

Ma'aunin da ya fi gamsar da ni shi ne tsawon lokaci. Alex Ferguson ya kama Manchester United a 1986, bai ci kofin farko ba sai 1990, daga baya ya lashe gasar Firimiya sau 13 yana rushe tawaga yana gina wata. A yau shugabannin kulob kaɗan ne za su yi wa koci haƙurin shekara huɗu ba kofi.