Ƙwayar bitamin E ga mai teɓa da hawan jini

Hajiya, kin ce maigidanki a Gusau yana da teɓa, hawan jini, sukari da kitse a jini, an ba shi shawarar shan bitamin E. Ni dai ban goyi baya ba sai da izinin likita. Wani babban binciken likitoci mai suna HOPE na shekarar 2000 ya nuna ƙwayar ba ta rage haɗarin ciwon zuciya ba, har ga masu sukari. Idan yana shan warfarin ko asfirin, magungunan hana daskarewar jini, yawan bitamin E kan jawo zubar jini, abin da ya fi damuna ke nan. Miligiram 15 na bitamin E babba ke buƙata kullum. Gyaɗa, man gyaɗa da alayyafo za su taimaka. Ya riƙa tattaki bayan la'asar, a rage masa tuwon dare da lemon kwalba. Allah ya ƙara sauƙi.