Wurin ɗauka za ka fara nema

Ka tambaya ko sai da kwamfuta mai tsada ake shirya fim ɗin da ke nuna duniya bayan ta rushe. A'a, malam, wurin ɗauka za ka fara nema: fako, tsohon ramin haƙar ma'adinai, ko masana'antar da ta mutu. Aikin kwamfuta gyara ne, ta goge falwayar wuta, ta sauya launin sama.

Sai dai ka lura da lokaci. Masu fim ɗin Mad Max: Fury Road sun shirya ɗauka a Broken Hill ta Ostireliya, ruwan sama ya sauka, ciyawa da furanni suka rufe wurin, dole suka koma hamadar Namibiya a 2012. Ni da rani nake ɗauka, lokacin hazo, amma ina naɗe kyamara saboda ƙura.